Turawa ne suka kai wa Indiya ilimi, ko su ne suka kashe wanda suka tarar?

Tambayar da wani ɗan'uwa ya turo ita ce: "Malam, wani ya ce min kafin zuwan Turawa kowane ƙauye a Indiya yana da makaranta, Turawan Ingila ne suka rushe komai da gangan, har ya turo min jawabin wani Lord Macaulay. Wani kuma ya ce ba don Turawa ba da har yau Indiyawa na cikin duhu. Wanne ne gaskiya?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh wannan tambaya taka na daɗe ina shan ta, don kusan duk shekara in muka zo kan tarihin ilimi a ƙasashen da Ingila ta mallaka sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya kawo ta, kuma mutanen nan biyu da suka ba ka labari kowa ya riƙo wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Ka yi haƙuri zan ɗan ja, don maganar ba ta layi biyu ba ce.

Da farko dai saƙon nan da aka turo maka, wanda wai Macaulay, wani babban jami'in Ingila a Indiya, ya tsaya a majalisar Ingila ranar 2 ga Fabrairu 1835 yana cewa ya zagaye Indiya kaf bai ga mabaraci ko ɓarawo ko ɗaya ba, don haka sai an karya ƙashin bayan al'adarsu kafin a iya mallakarsu, wannan ƙirƙira ce. A ranar mutumin yana Kalkata, ya je Indiya tun 1834 kuma bai koma gida ba sai 1838. Saƙon ma har an canja masa riga, an cire Indiya an sa Afirka, shi ne yake ta yawo a wayoyin mutanenmu. Don Allah kar ka tura wa kowa. Takardar da ya rubuta da hannunsa a wannan ranar tana nan a ajiye kuma ta isa hujja ba sai an yi mata ƙari ba, za mu zo kanta. Sannan kar ka haɗa shi da Herbert Macaulay na Legas, mutum daban ne.

Shi mai cewa Indiyawa na cikin duhu, maganarsa ce ta fi saurin faɗuwa. Tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yaro kan bar gidan ubansa ya tare a gidan malaminsa, guru suke ce masa, ya yi masa itace da ɗiban ruwa da kiwo yana haddar littattafan Beda, wato tsofaffin littattafan addinin Hindu, baki da baki shekara da shekaru. Wani malami Panini ya tattara nahawun Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, cikin ƙa'idoji kusan 4,000 waɗanda har gobe masana harshe ke mamakin tsarinsu. Akwai manyan cibiyoyin ilimi irin su Takshashila kusa da Rawalpindi ta Pakistan ta yanzu, akwai Nalanda a Bihar da aka kafa a ƙarni na 5, inda ɗalibai ke tasowa daga Sin da Koriya da Tibet. Wani ɗan Sin mai suna Xuanzang ya zauna a can bayan shekarar 630, shi ya ba da labarin cewa tun a bakin ƙofa ake tare baƙo da tambayoyi masu wuya kuma mafi yawa a nan suke juyawa. Nalanda ta mutu wajen shekarar 1200, ana jingina ƙonewarta ga rundunar Bakhtiyar Khalji, koda yake masana suna da saɓani a kan yadda abin ya faru, kuma dama sarakunan da ke ciyar da irin waɗannan wurare sun riga sun yi rauni. A shekarar 628 Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili, daga nan lambobin suka isa Bagadaza hannun su al-Khawarizmi, shi ya sa Larabawa ke ce musu lambobin Hindu. Su ne kake latsawa a wayarka yanzu haka.

Da Musulmi suka kafa sarauta a Delhi daga 1206 sai wani reshe ya ƙaru, maktab a jikin masallaci don yara, madrasa don manya. Firoz Shah Tughlak ya gina babbar madrasa a Hauz Khas a Delhi a tsakiyar ƙarni na 14, waziri Mahmud Gawan ya gina tasa a Bidar a 1472, ginin nan biyu har yau ana zuwa kallon abin da ya saura. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne Farisanci. Shi ne harshen fada da kotu da takardun haraji a zamanin daular Musulmi ta Mughal, don haka ba Musulmi kaɗai ke koyonsa ba, 'yan Hindu musamman gidajen magatakarda da ake kira Kayastha su ma suna kai yaransu su karanta Gulistan da Bustan na Sa'adi su koyi rubuta wasiƙar fada, saboda a nan abinci yake. A Lakhnau kuma gidan malamai na Farangi Mahal, Mulla Nizamuddin wanda ya rasu a 1748 ya tsara jerin littattafan da ake kira Darsi Nizami, nahawu da sarfu da mandiƙi da falsafa da fiƙihu da lissafi, wanda ya sauke su ya isa a naɗa shi alƙali ko mufti. Shah Waliyullah a Delhi shi kuma ya ba da ƙarfi a hadisi. Toh su waɗannan malamai da me suke ci? Da ƙasa. Sarki kan yanka wa malami ko masallaci ko haikali gona ya ɗauke mata haraji, irin abin da mu muke ce wa hurumi, ga kuma wakafin attajirai. Kaga makarantar tana tsaye ne a kan ƙafa biyu, gonar da ke ciyar da malami da aikin da ke jiran ɗalibi. Kar ka manta da ƙafafun nan biyu.

Amma ni a wajena inda maganar ta fi daɗi shi ne makarantar ƙauye, patshala, don ita ce ta talaka kuma in ka ji bayaninta sai ka ga kamar a unguwarku ake. Babu gini na musamman, gindin bishiya ne ko rumfar wani mai hali ko zauren malamin kansa. Babu rajista, babu kujeru, babu jarrabawar ƙarshen shekara, babu littafin ɗab'i. A Bangal yaro kan fara da zana harafi da yatsa a ƙasa, in hannunsa ya faɗa a ba shi ganyen wata bishiya 'yar'uwar giginya ya riƙa rubutu da alƙalamin kara da tawadar zunzurutun baƙin tukunya yana gogewa yana sakewa, daga nan ganyen ayaba, sai can ƙarshe in ya girma a ba shi takarda don takarda tsada gare ta. Abin da ake koya masa na amfanin yau da gobe ne, awon gona, lissafin hatsi da bashi da ruwansa, rubuta wasiƙa da takardar yarjejeniya, da jadawalin ninki da ake rerawa da yamma murya ɗaya. Lokacin girbi makaranta ta tashi, kowa ya tafi gona, in an gama a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Ladan malami 'yan kuɗi kaɗan ne da shinkafa da kayan miya da tufa ranar biki, mai hali ya ba da da yawa marar hali ya ba da abin da ya samu, kamar dai kuɗin laraba.

Wani jami'in haraji Bature a Bellari ta kudancin Indiya, A. D. Campbell, ya rubuta rahoto a 1823 wanda nake son karanta wa ɗalibaina. Ya ce ƙarfe 6 na safe ake buɗewa, yaron da ya riga kowa zuwa malam zai rubuta masa sunan Saraswati, allahiyar ilimi a addininsu, a tafin hannu don girmamawa, na biyu a zana masa sifili wato ba yabo ba fallasa, na uku bulala ɗaya marar zafi, na huɗu biyu, haka ake ta ƙarawa har na ƙarshe. Manyan ɗalibai ke biya wa ƙanana karatu, irin aikin gardawa. Ya yabi arhar tsarin, amma ya soki abu ɗaya, cewa yara na haddace baitoci cikin tsohon harshen da ba su san ma'anarsa ba. Kuma shi da kansa, ma'aikacin Kamfanin Turawan da ke mulkin ƙasar, ya rubuta cewa makarantun na raguwa saboda ƙasar tana talaucewa, kayan masaƙun Ingila sun kashe wa masu sana'a kasuwa, kuɗin da sarakunan da ke ba malamai kuma ya ƙafe. Wannan dabara ta babba ya koyar da ƙarami da rubutu a yashi ma wani limamin coci Andrew Bell ya gan ta a Madras, ya buga bayaninta a 1797, aka yi ta amfani da ita a makarantun talakawan Ingila da sunan tsarin Madras. A lokacin ita kanta Ingila ba ta da makarantun firamare na gwamnati, sai a 1833 majalisarsu ta fara ba da fam 20,000, dokar firamare kuwa sai 1870.

Yanzu maganar "kowane ƙauye". Tushenta rahotannin Turawan ne da kansu. Gwamnan Madras Thomas Munro ya sa a yi ƙidaya a 1822, sakamako ya nuna makarantu kusan 12,500 da ɗalibai kimanin 188,000 cikin jama'a kusan miliyan 13, shi kuma ya ƙiyasta cewa in an haɗa da masu karatu a gida abin ya doshi kashi ɗaya cikin uku na yara maza. A yankin Tamil kuma yawancin ɗaliban ba 'ya'yan Birahman, wato gidajen malaman addinin Hindu, ba ne, 'ya'yan manoma ne da masu sana'a, wannan gaskiya ne kuma abin lura ne. A Bangal da Bihar William Adam ya rubuta rahoto uku, 1835 da 1836 da 1838, a na farkon ne ya ambaci makarantu 100,000 da ake ta yawo da ita. Sai dai wannan ƙiyasi ne tun kafin ya fita, da ya shiga gundumomi ya ƙirga da kansa ya tarar makarantun ƙanana ne, yara kaɗan, malamai cikin talauci, manyan da suka iya karatu kuma tsiraru ne. A 1931 Gandhi ya faɗa a Landan cewa Turawa sun tone saiwar kyakkyawar bishiya suka bar ta ta mutu, wani masani Philip Hartog ya ce ya kawo alƙaluma, aka yi ta musayar wasiƙu. A ganina Hartog ya fi shi hujja a kan lambobi, Gandhi kuma ya fi shi gane abin da aka yi wa saiwar.

Ga kuma abin da masu yabon zamanin da ba sa son a taɓa. Cikin ɗaliban Madras ɗin nan 188,000 'yan mata ba su kai 5,000 ba. Adam ya tarar da camfi a Bangal cewa yarinyar da aka koya wa karatu mijinta zai mutu da wuri. Karatun Beda na manyan gidaje ne, a aikace ma na Birahman, Shudra, wato rukunin ƙasa na masu hidima, ba shi da rabo a ciki. Can ƙasa kuma akwai mutanen da ko taɓa su ba a yi, waɗanda yau ake kira Dalit, masu jima da shara da kwasar mushe, su ko inuwar bishiyar makaranta ba a barin ɗansu ya zauna. Duk wanda ya ce maka kowa ya iya karatu a Indiya kafin Turawa, ka tambaye shi waɗannan fa ina ya sa su.

Su kuma Turawa fa kar ka ɗauka sun zo da allo a hannu. Kamfanin ciniki ne, East India Company, ya ci yaƙin Palasi a 1757, ya karɓi ikon tara harajin Bangal a 1765, kuma ya yi shekara kusan 50 ba shi da ko kasafin ilimi. 'Yan makarantun da ya buɗe don buƙatar kansa ne, Madrasar Kalkata ta Warren Hastings a 1781 da Kwalejin Sanskirit ta Banaras a 1791, don a samu masu fassara wa alƙalin Bature shari'ar Musulunci da ta Hindu. Sai a 1813 majalisar Ingila ta tilasta wa Kamfani ware rupi 100,000 duk shekara, ta kuma buɗe wa 'yan mishan ƙofa. Rupi dubu ɗari ga ƙasa mai miliyoyin mutane, kuma ko shi ɗin an yi shekara 10 ba a kashe shi yadda ya kamata ba. Wani abu da ba a cika faɗa ba, Indiyawa da kansu sun nemi Turanci. Attajiran Kalkata ne suka haɗa kuɗi suka buɗe Hindu College a 1817, Ram Mohan Roy kuma, mutumin da ya ƙoshi da Farisanci da Larabci da Sanskirit, ya rubuta wa Gwamna Amherst a 1823 cewa kar a ƙara musu kwalejin Sanskirit, a ba su lissafi da kimiyya da ilimin jikin ɗan'adam.

Rigimar yadda za a kashe ɗan kuɗin nan ce ta raba kwamitin ilimi na Kamfani gida biyu, masu cewa a ci gaba da Larabci da Sanskirit da masu cewa Turanci, shi ne Macaulay ya rubuta takardarsa ta 2 ga Fabrairu 1835. A ciki ya amsa da bakinsa cewa bai iya Larabci ba bai iya Sanskirit ba, amma duk da haka ya yanke cewa kanta ɗaya ta littattafai a ɗakin karatu mai kyau na Turai ta fi duk abin da Indiya da ƙasar Larabawa suka taɓa rubutawa. Wallahi duk lokacin da na karanta wannan layin sai raina ya ɓaci, mutum ya yi wa abin da bai iya karantawa ba hukunci. Sannan ya faɗi manufar ƙarara, a samar da wani rukuni da za su zama tafintoci tsakanin Turawa da miliyoyin da suke mulka, Indiyawa a jini da launin fata amma Ingilawa a ɗabi'a da ra'ayi da tunani. Gwamna Bentinck ya sa hannu ranar 7 ga Maris. Hujjarsu ita ce kuɗi ba zai ishi kowa ba, a karantar da 'ya'yan manya ilimin zai tsiyayo ƙasa da kansa. Bai tsiyayo ba, don wanda ya samu Turanci aikin akawu ko lauya ya nufa, ba ya koma ƙauye ya zauna gindin bishiya. Shi kuwa Adam da ya taka ƙauyukan da ƙafarsa ya ba da shawarar a ɗora gini a kan patshala, a ba malamansu littattafai da horo da lada, kwamitin ya ƙi.

Toh amma takarda kaɗai ba ta kashe makaranta. Ka tuna ƙafafun nan biyu? A 1837 aka cire Farisanci daga kotuna, a 1844 Gwamna Hardinge ya sanar cewa masu ilimin Turanci za a fifita a aikin gwamnati. Dare ɗaya mutumin da ya yi shekara 15 yana karatu, wanda ubansa da kakansa suka ci abinci da alƙalami, ya zama bai iya komai ba a idon hukuma. Ɗaya ƙafar kuma, daga 1828 Kamfani ya shiga binciken gonakin hurumi a Bangal, kowa ya kawo takardar da sarki ya ba kakansa, wanda gara ta cinye tasa ko ruwa ya tafi da ita shikenan gona ta koma biyan haraji. W. W. Hunter, babban jami'in Turawa ne, ya rubuta a 1871 cewa wannan bincike ya karya gidaje masu yawa ya kuma yi wa karatun Musulmi mummunan lahani. Ba wanda ya aiko soja ya rufe makarantar ƙauye ko madrasa, yunwa aka bar musu.

A 1854 takardar Charles Wood ta zo da tsari cikakke, sashen ilimi a kowane lardi, sufetoci, horar da malamai, firamare da harshen gida, karatun mata, tallafi ga makarantu masu zaman kansu, da jami'o'i. Uku aka buɗe a 1857, Kalkata da Bombai da Madras, shekarar babban boren da Indiyawa suka yi wa Turawa, kuma a farko jarrabawa kawai suke shiryawa su ba da digiri irin na jami'ar Landan, ba sa koyarwa. A takarda tsarin ya yi kyau. A ƙasa kuwa tallafin da sharaɗi yake zuwa, sai da rajista da jadawalin darasi da kuɗin makaranta tsayayye da littafin da hukuma ta zaɓa, daga baya ma aka koma biyan malami gwargwadon yaran da suka ci jarrabawar sufeto. Ɗan manomin da da yake tafiya girbi ya dawo ya ɗora, yanzu in ya yi fashi sai a soke sunansa. Malamin da ya ƙi sharuɗɗan ya rasa tallafi, wanda ya karɓa kuma ya zama ɗan ƙaramin ma'aikaci mai tsoron sufeto. Kwamitin Hunter na 1882 ya ga matsalar, sai ya ɗora firamare a wuyan hukumomin gundumomi waɗanda ba su da kuɗi.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta ko ta wa ce. Kwalejin likitanci ta Kalkata ta 1835 da ta injiniyoyi ta Roorkee ta 1847 sun fitar da ƙwararru, C. V. Raman da ya ci kyautar Nobel a 1930 ɗan wannan tsarin ne, lauyoyi da 'yan jaridar da suka kafa jam'iyyar Congress a 1885 su ma haka. Kuma ga waɗanda tsohon tsari ya rufe wa ƙofa, sabon ya ɗan buɗe taga. Jotirao Phule a makarantar mishan ya yi karatu, shi ya koyar da matarsa Savitribai, suka buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848, ana jifanta da kashin shanu a hanya har ta riƙa tafiya da tufa na biyu a jaka ta canja in ta isa. Tagar dai ƙarama ce. A 1856 a Dharwad an hana wani yaro ɗan Mahar, ɗaya daga cikin rukunan Dalit, shiga makarantar gwamnati don tsoron kar manyan gidaje su janye 'ya'yansu. Ambedkar da aka haifa a 1891, shi ma ɗan Mahar ne, ya ba da labarin yadda yake zuwa aji da buhunsa daga gida ya zauna a gefe, in ƙishirwa ta kama shi sai masinjan makaranta ya zubo masa ruwa daga sama don kar ya taɓa mazubi, ranar da masinja bai zo ba babu ruwa. Wannan yaron shi ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya.

Musulmi kuwa bayan 1857 sun rabu a kan mafita, kuma wannan ɓangaren nasan zai yi maka kama da gida. A 1866 su Maulana Ƙasim Nanautawi suka buɗe makaranta a garin Deoband, malami ɗaya ɗalibi ɗaya a gindin rumman cikin masallaci. Sun ga abin da ya samu masu dogaro da gonar sarki, don haka suka ƙi kuɗin hukuma suka dogara da ɗan abin da talakawa ke bayarwa, amma fa sun ɗauki aji-aji da jarrabawa da rajista daga makarantar Bature, shi ya sa tsarin ya yaɗu ya rayu har yau. Sayyid Ahmad Khan shi kuma ya ce in Musulmi suka guje wa Turanci za a bar su a baya a kotu da ofis, ya je Ingila ya ga Kambirij, ya dawo ya buɗe makarantarsa a Aligarh a 1875, ya sha fatawoyi iri-iri, a 1920 ta zama jami'a. Nadwatul Ulama da aka kafa a 1894 ta nemi bin tsakiya, daga can Abul Hasan Nadwi ya fito, wanda yara ke karanta littafinsa na ƙissoshin Annabawa a islamiyyu da yawa.

Akwai ma zare ɗaya da ya haɗa labarin da mu kai tsaye. Lugard a Madras aka haife shi a 1858 kuma ya yi aikin soja a Indiya, a rubuce-rubucensa ya nuna ilimin da aka bayar a can a matsayin kuskuren da ya haifar da masu takardu marasa biyayya. Darasin da ya ɗauko kenan, shi ya sa boko a Arewa ya shigo a tsuke, 'ya'yan sarakuna da malamai a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa Kano daga 1909, dubban makarantun allo kuma aka bar su waje ba tallafi ba aiki a gaba.

Abin da ni ban iya yi wa mulkin mallaka uzuri a kai ba shi ne firamare, don an nuna musu hanya sun ƙi. A 1911 wani ɗan siyasar Indiya, Gokhale, ya kai ƙudurin doka majalisar Gwamna Janar a fara tilasta karatun firamare a hankali, wuri-wuri, a 1912 aka kayar da shi da ƙuri'a 38 da 13, aka ce ba kuɗi kuma jama'a ba su shirya ba. Alhali Sarkin Baroda Sayajirao ya riga ya tilasta shi a duk ƙasarsa tun 1906, a Travancore kuma tun 1817 sarauniya ta ba da umarnin baitulmali ya ɗauki nauyin malaman makaranta, 'yan mishan suka zo suka ƙara, aka yi ta karantarwa da harshen Malayalam. A ƙidayar 1901 masu iya karatu a Indiya kusan kashi 5 ne cikin 100. Shirin Sargent na 1944, saura shekara 3 su tafi, cewa ya yi sai nan da shekara 40 kowane yaro zai samu makaranta. A ƙidayar 1951 ƙasar gaba ɗaya tana kashi 18, mata kashi 9, yankin Kerala inda Travancore take kuwa yana kashi 47. Kundin tsarin mulki na 1950 ya yi alkawarin karatu kyauta kuma dole har shekara 14 cikin shekara 10, dokar da ta mai da shi haƙƙin kowane yaro kuma sai a 2009 aka yi ta.